Koren Zare a Wuyan Tukunyar Kashe Gobara

Mun tashi da asuba ranar Talatar da ta wuce, ana sallame salla muka fito, mu uku da tukwane biyu. Ni ce, da Malam maigidana, da shugabar ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa, wadda duk garin muke ce wa Gwaggo. Tukwanen kuwa ba na miya ba ne, jajayen nan ne na kashe gobara, kowacce a cikin buhun taki an ɗaure baki. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da ƙafar yawo. Rabona da Kano tun haihuwar babbar 'yata a asibiti, shekara shida ke nan. Ko biki ake a ƙauyen gaba sai an yi ta aike kafin in yafa mayafi. Amma wannan tafiyar ni na nace a yi ta, ni na hana kowa sakat. Ku yi haƙuri in fara ba ku mafarin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya fitar da ni daga ɗaki ba.

Shekara biyu da suka wuce wasu masu tallafa wa mata suka ba mu injin matsar gyaɗa. Aka kafa shi a rumfar bayan gidan Gwaggo, suka haɗa mana da jar tukunya ɗaya, suka rataye a jikin ginshiƙi, suka ce duk shekara a kai a duba ta. Ni da hannuna na saƙa mata riga da koren zare, don kar hayaƙin suya ya ɓata mata fenti. Da shekara ta zagayo sai Sale, ƙanin Malam, mai faci a Ɗambatta, ya ce ai wannan ba sai an je birni ba, ya taɓa zama a wani gareji ya ga yadda ake cika su. Ni na kawo shi. Ni na tsaya gaban mata na ce ɗan gida ne, in ya ci amana ni za ku kama. Ya ɗauki tamu da ta mai injin niƙan garinmu, bayan kwana uku ya dawo da su suna ƙyalli, kowacce da ɗan kati a wuya ya rubuta kwanan wata da biro.

To, sati uku kafin tafiyar nan, da hantsi, muna suyar ƙuli sai mai ya kama a kasko. Hansai maƙwabciyata ita ce kusa. Ta fizgo tukunyar, ta zare fil, ta danna. Wallahi abin da ya fito bai fi ajiyar zuciyar tsohuwa ba. Fuu, shi ke nan. Wuta ta lashi hannun Hansai tun daga wuyan hannu har gwiwa, ta cinye rabin rumfar, da ƙasa da jiƙaƙƙun buhuna maza suka kashe ta. Da yamma Sale ya zo jaje, ni kuwa a gaban jama'a na ce masa ɓarawo, na ce ya kawo wa mata tukunya wofi ya goge ta da tsumma. Mutumin da nake tsokana ina ce wa ƙaramin miji, wanda kullum ya zo sai ya buɗe tukunyar miyata. Tun daga ranar shi da Malam ba sa magana, Inna mahaifiyarsu ta daina cin tuwon kirki. Mai unguwa ya ce shi ba ya hukunci da zafin baki, a kai tukwanen wurin masana a kawo masa takarda. Takardar nan na fito nema, don a karanta ta a zaure kowa ya ji ni ce mai gaskiya.

Babur biyu muka hau zuwa Ɗambatta, ni da Gwaggo a ɗaya, Malam a ɗaya. Na rungume tamu tukunyar a cinya kamar jaririya, sanyin ƙarfen yana ratsa buhu. Gari bai gama wayewa ba amma hanya duk mutane. Kun san wajenmu babu daji, gonar wani na ƙarewa ta wani ta fara, zakara ya yi cara a wannan ƙauye na gaba ya amsa. An yanke gero an jera dammuna a bakin gonaki, dawa ta fitar da kai tana rangaji, wake ya shimfiɗu a ƙasa har yana neman cin hanya. Raɓa ta jiƙa mini bakin zani. Mai babur ɗinmu yana ta ba Gwaggo labarin tsadar mai, ita kuwa tana ce masa ya kalli gabansa, ramin da ke tafe ba ya jin labari.

Muna shiga Ɗambatta muka wuce rumfar facin Sale. Bai buɗe ba tukuna, tsofaffin tayoyi ne a jibge an ɗaure su da sarƙa. Na ga Malam ya kau da kai ya kalli ɗaya gefen titi, inda babu komai sai katanga. Ni kuwa na gyara zama na ƙara rungume buhuna.

A tasha aka fara rigima. Kamasho ya ɗaga buhun ya ji nauyi, ya leƙa, ya ce shi ba ya loda tukunyar gas a motar mutane. Gwaggo ta ce masa, "Ɗana, wannan ita ce maganin abin da kake tsoro. In ta tashi da kai, ka zo gida ka same ni." Aka yi dariya, ya tura su ƙarƙashin kujerar baya. Kuɗin mota kuwa ba a magana, abin da ya kai mu mu biyu wancan zuwan yanzu ko mutum ɗaya bai kai ba. Kafin mota ta cika na je sayen ƙosai, na ce wa mai suyar ta ba ni ɗaya in ɗanɗana tukuna. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ke dai ko ruwan rijiyar gidanku sai kin ɗanɗana." Na ce ai shi ya sa ba a cutata. Ku riƙe wannan maganar tawa, za mu dawo kanta.

Hanyar Kano ta ba ni mamaki. Inda na sani gonaki ne duk an yanka filaye an jera bulo, wasu ginin ya kai linta an bar shi akuya na kwana ciki. Gidajen mai kuwa kamar an shuka su. Kuma kun san in abu ya dami mutum sai ya riƙa ganinsa ko'ina: kowane gidan mai na hango jajayen tukwane da bokitan yashi a jere, abin da da ko kallo bai ishe ni ba. Direbanmu ma da ya ji zancen ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya zaro wata 'yar ƙarama kamar kwalbar turare, ya ce tun da ya sayi motar ya same ta, bai taɓa sanin ko da abu a ciki ba, ta nuna wa masu duba mota ce.

Nan fa bakina ya buɗe. Na ba motar nan labari tun daga kan kasko har hannun Hansai. Ban faɗi suna ba, amma na ce wani maras tsoron Allah ne na cikin gida. Wata mata ta ce Allah ya isa, wani dattijo mai kaji a kwando ya ce irin waɗannan a ɗaure su kawai. Ina jin daɗi, ina ƙara gishiri. Malam yana gaba kusa da taga, bai juyo ba ko sau ɗaya. Ƙeyarsa kawai nake gani.

Mun shiga Kano rana ta ɗaga. Kai, jama'a! Ƙara kamar ana niƙa a cikin kunnena, gadoji a sama mota na bi ta kan mota, masu adaidaita suna saƙa kamar ƙudan zuma. Na riƙe bakin mayafin Gwaggo kamar yarinya. Adaidaita ya kai mu ofishin 'yan kwana-kwana, inda manyan jajayen motocin nan suke a jere hancinsu na kallon ƙofa. Wadda ta karɓe mu mace ce, da kayan sarki da hijabinta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ba mu benci, ta saurare ni har na gama, kuma kun san ba na gamawa da wuri.

Ta ɗaga katin da Sale ya rataya ta juya shi gaba da baya. Ta ce wannan aikin ba kowa ke yin sa ba. Duk mai son ya riƙa kafa wa mutane kayan kashe gobara ko cika musu tukwane sai ya nemi lasisi. Sai an ga shagonsa, an ga kayan aikinsa, an tabbatar ya koyi aikin a hannun masu shi. Kuma lasisin ba na har abada ba ne, ana sabunta shi. Katin mai lasisi yana ɗauke da sunan shago da lamba, da ranar da aka duba da ranar da za a dawo, don in abu ya faru a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan kuwa, in ji ta, kwalin sabulu ne aka yanka. Na kalli Malam, na kalli Gwaggo, kaina ya kumbura. Na ce to a rubuta mana. Ta ce a'a Hajiya, sai an buɗe an ga ciki tukuna. Ta nuna wa Gwaggo sunayen shagunan da ke da izini, ta kwatanta mana mafi kusa. Da za mu fita ta ce, "Kafin ku sauke buhu ku ce ya nuna muku lasisinsa. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne."

Shagon ɗan tsukuku ne a wani layi na masu sayar da kayan wuta da famfo. Tukwane a jere manya da ƙanana kamar 'yan makarantar da aka tsayar bisa tsayi. Ba mu ma tambaya ba, lasisin yana bango a cikin gilashi, Gwaggo da ta yi yaƙi da jahilci ta matsa ta bi shi da yatsa har ƙasa. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, Malam yana ce masa Injiniya. Ba shi da gaggawa ko kaɗan.

Ya fara da ta mai injin niƙa. Ya ɗora a sikeli, ya juya ta ƙasa ya kara a kunne kamar mai sayen kankana. Ya ce da iskar taya aka cika ta. Su busasshiyar iska ta musamman suke sa wa, ita kuwa ta taya tana da damshi, tana dunƙule hodar ciki kamar garin da ya kwana a raɓa. Ya fitar da mu bayan shago, ya tsinke 'yar robar da Sale ya ɗaure fil da ita, ya danna. Sai ga farin gari ya fito, yana tari yana yankewa, amma dai ya fito, har ya turnuƙe mu Gwaggo ta yi atishawa. Injiniya ya ce, "Aikin banza ne. Amma wutar kasko ɗaya, in an yi sa'a, da ta kwantar da ita."

Sai ya ɗauko tamu. Ya cire sauran koriyar rigar da wuta ta bari, ya ce wa ya yi wannan kwalliyar? Na ce ni ce, ina murmushi. Ya ce ta yi kyau, amma ta rufe agogo. Ya nuna mana ɗan agogon da ke wuyanta, allurarsa ta kwanta a kan ja. Ni wallahi duk zatona ado ne. Sannan ya leƙa bakin tiyo ya ƙanƙaro da farce: tsohuwar hoda ce ta bushe, baƙin hayaƙin mai ya hau kanta ya yi kauri. Ya ce wannan tukunyar an taɓa danna ta tun tuni, watanni kafin gobarar. Ya ce in aka danna ko sau ɗaya, ko na ƙiftawar ido, ƙwayar hoda tana maƙalewa a bakin murfin ciki, ba ya ƙara rufuwa daidai, iska ta yi ta zurarewa a hankali har ta ƙare cikin 'yan kwanaki. Hodar tana nan cike, abin da zai turo ta ne babu. Ya ɗaga wani guntun zare da ke ƙulle a jikin hannun tukunyar ya ce, "Ga shaida. Waccan ya sa mata roba, wannan kuwa ya gwada ta ya ɗaure da zare. Ko robar ce ta ƙare masa, oho."

Jama'a, koren zare ne. Ƙullin ma nawa ne, irin wanda nake yi a bakin safar jarirai.

Ranar da Sale ya dawo da tukunyar ya ce mini, "Matar Yaya, kar ki taɓa fil ɗin nan fa." Na ce don me? Ya ce, "Haka dai aka ce." Wannan amsar ce ta sa mini zargi. Ni da ba na sayen daddawa ban sunsuna ba, a kawo mini abu a rufe a ce kar in taɓa? Kuma ni na tsaya masa. Yana fita, mata ba su zo ba tukuna, na ɗauko reza na yanke robar, na zare fil, na ɗan danna. Farin gari ya fito da ƙarfi har ya firgita kaji. Na ce alhamdulillahi, yaron nan bai cuce mu ba. Na share wurin, na mai da fil, na ɗaure da ragowar zaren saƙata, na sa mata rigarta. Har daɗi na ji na iya riƙon amana. Ban gaya wa kowa ba don ban ɗauke shi komai ba, kuma har ranar gobarar ko a mafarki ban haɗa wannan da wancan ba.

A bayan shagon nan duk wannan ya dawo mini. To me kuke zato na yi? Shiru na yi. Ni mai bakin nan da ta cika mota da labari. Injiniya ya zauna ya rubuta takarda: wanda ya yi aikin ba shi da lasisi, ya cika da iskar da ba ta dace ba, kuma an danna tukunya ɗaya an ɗaure da zare. Ya buga hatimi. Gwaggo ta ninke ta ta sa a jaka. Ina kallo.

Gwaggo ta ce a gyara duka biyun yadda ya kamata, aka ce mu dawo bayan azahar. Kafin mu fita dattijon nan ya tsayar da mu ya koya mana, ya ce koyarwar tana cikin aikinsa, ba alfarma ba ce. A riƙa duba allura kullum tana kan kore. Kar a sa mata riga, kar a rataya mata mayafi ko carbi. Kar a gwada, in kuwa an danna to a kawo ta ko da sabuwa ce. In mai ya kama a kasko kar a zuba ruwa, a fara rufe shi da faifan ƙarfe a janye itace. Kowace magana ya faɗa sai in ji kamar da ni yake.

Muka samu wata rumfa muka sayi gurasa, an barbaɗe ta da ƙuli an zuba mai da albasa da tumatir. A ranar da nake daidai da na gaya muku ƙulin ya ƙone ko bai ƙone ba, man na jiya ne ko na yau. Ranar kuwa kamar ina tauna katifa. Nan ne Malam ya yi maganarsa ta farko mai tsawo tun safe. Bai kalle ni ba, gurasar yake kallo. Ya ce, "Cikinmu ɗaya da shi. Ban san da wane ido zan kalli Inna ba in an karanta takardar nan a zaure." Ya ture kwanon. Na buɗe baki, sai na ce bari in nemo ruwa.

Mun yi salla a wani masallaci mai wurin mata a sama, ga fanka ga darduma mai laushi, amma ban san surar da na karanta ba. Muka karɓo tukwane, kowacce da sabon kati mai lamba da 'yar roba mai hatimi a fil, allura tsaye a kan kore. Muka hau motar dawowa. Hanyar da na sha kallo da safe ta zama doguwa. Zuciyata tana ta kawo mini dabara: ai takardar ba ƙarya ta yi ba, ba shi da lasisin, iskar taya ya sa, ke me kika rubuta? Ki yi shiru kawai, zare ba ya magana. Sai in tuno hannun Hansai a naɗe, da yadda take ɗaga shi sama in za ta zauna. Sai in tuno fuskar Sale ranar da na ce masa ɓarawo, yadda ya cire hula ya mayar, ya fita.

Muna sauka a Ɗambatta ana kiran la'asar. Malam ya nufi wajen masu babur, na ce, "Malam, mu biya wajen Sale." Ya ce ba yanzu ba, a bari sai gaban mai unguwa. Na ce a'a, yanzu, ni ce da magana.

Mun same shi a tsugune yana tsoma tiyub a ruwa yana neman huji. Ya gan mu ya miƙe, ya gai da Gwaggo, ya gai da yayansa ƙasa-ƙasa, ni ko kallo ban samu ba. Na tsuguna a kan baƙin man da ke ƙasa, da zanina na fita unguwa. Na faɗi komai: reza, fil, kaji, zare. Malam ya dafa tayar da ke kusa da shi ya zauna a kai.

Sale ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Ban ce kar ki taɓa ba?"

Na ce, "Ka ce."

"To me ya kai ki?"

"Ba ka gaya mini dalili ba."

Can ya ce, "Ni ma ban san dalilin ba. Da na sani da na faɗa."

Gwaggo ta buɗe jaka ta fito da takardar, da guntun zaren da ashe ta tsinto a shagon Injiniya. Ta ce, "Ni tun a can na gane shi. Jikokina uku sun sa safar wannan zaren. Jira nake in ga ko za ki iya kai shi har gida." Na rufe fuska da mayafi. Ta juya kan Sale ta ce, "Kai kuma kar ka saki jiki. Rabin takardar nan naka ne. Tukunyar kashe gobara ba tayar amalanke ba ce. Aikin da ba ka san dalilinsa ba, ba a ba ka izininsa ba, me ya kai ka?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya bari har abada, dama biyun nan ne na farko kuma su ne na ƙarshe. Sannan ya dube ni karo na farko ya ce, "Matar Yaya, ganganci na yi, na yarda. Amma ban yi sata ba. A gaban mutane kika ce ɓarawo. A gaban mutane za ki janye." Na ce na ji. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma da za mu tafi shi ya ɗaure wa Malam tukunya a bayan babur, ya ja igiyar sau biyu ya ga ta kama.

Mun iso gida rana ta yi ja, shanu na dawowa. Ban shiga ɗakina ba, na wuce gidan Hansai. Tana zaune a tabarma hannun a kan matashi, 'yarta na tankaɗe. Na sake faɗa daga farko. Wannan ya fi na Sale wuya, don shi sunansa na ɓata, ita kuwa fatarta ce. Ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce, "Watau kusan shekara guda ina suya a ƙarƙashin tukunyar da kika ɗanɗane." Na ce e. Ta ce, "Ke wallahi ko likkafani aka kawo miki sai kin gwada kin ga ko ya yi miki." Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya ta. Da muka gama ta ce ba ta son jin haƙuri, dakanta da wankinta da ɗiban ruwanta suna wuyana har hannun ya warke. Yau kwana biyar ina yi, tana zaune tana ce mini dakan bai yi laushi ba.

Washegari aka taru a ƙofar zauren mai unguwa, mata daga ciki maza daga waje. Aka karanta takardar. Sannan na ɗaga murya ta bayan labule, yadda na ɗaga ta ranar gobara, na ce Sale ba ɓarawo ba ne, ni na danna tukunyar, ni na ɗaura zaren, na janye maganata. Mai unguwa ya ce daga yau duk mai tukunya a garin nan, in zai kai ta dubawa ya ga lasisi da idonsa, kuma ɗan'uwantaka ba takarda ba ce. Da yamma Inna ta aiko a ba ta tuwo, har da ƙari.

Abin da na samo a tafiyar nan ba yawa. Na je Kano neman takardar da za ta kama wani, na dawo da guntun zarena. Na gane lasisin nan da muke ɗauka na neman wahala ne, amfaninsa shi ne wanda ya zo maka ya san dalilin abin da yake hana ka, kuma ya tsaya ya gaya maka. Sale bai sani ba, ni ban tambayi wanda ya sani ba, Hansai ce ta ji a jikinta. Dattijon nan mai kaji da matar da ta ce Allah ya isa a mota, ban san inda zan same ku ba, amma in wannan ya iso gare ku, ku rage masa, ku ƙara mini.

An gyara rumfa, mun koma suya. Tukunyar tana rataye a ginshiƙinta tsirara, ba riga ba kwalliya, hayaƙi har ya fara dusashe mata fenti. Kullum da safe ni ke fara duba allura. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu in na tsaya gabanta sai zuciyata ta ce anya da abu a ciki kuwa? Sai in mai da hannuwana baya in harɗe su, in kalli koren, in wuce wajen kasko.